Daga Dandali Zuwa Faifai: Yadda Masu Kallo Suka Karɓi Wasan Waƙa da Rawa a Fim ɗin Hausa

Wasan kwaikwayo mai waƙa shi ne wanda ake isar da wani sashe na labarinsa ta hanyar waƙa, kiɗa da rawa, a gaban jama'a. Idan aka ɗauke irin wannan wasa daga daɓe aka mayar da shi fim, labarin yana iya zama yadda yake, amma dangantakar mai wasa da mai kallo takan sauya baki ɗaya. A ƙasar Hausa wannan sauyi ya haifar da kasuwa mai faɗi, ya kuma haifar da muhawarar da ta shafe fiye da shekara ashirin ba ta lafa ba, daga birnin Kano har garuruwan karkara irin su Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Ɓaɓura a Jihar Jigawa.

Asalin al'amarin a duniya

Mayar da wasan daɓe mai waƙa zuwa fim tsohuwar sana'a ce. A Amurka an fara nuna West Side Story a daɓen birnin New York a 1957, aka yi fim ɗinsa a 1961, ya kuma ci lambobin Oscar goma. A Afirka ta Kudu, Mbongeni Ngema ya shirya Sarafina a daɓe a 1987 kan boren ɗaliban Soweto, aka mayar da shi fim a 1992, ya kai saƙon yaƙi da wariyar launin fata ga mutanen da ba su taɓa shiga zauren wasa ba. Ba kullum ake dacewa ba: Cats, wanda ya yi shekaru yana cika zaure a Landan tun 1981, ya sha suka daga masu kallo da masu sharhi da aka fitar da fim ɗinsa a 2019.

Misalin da ya fi shafar Hausawa shi ne na Indiya. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na 1931, an ciro shi ne daga wasan daɓe na Farisawan Bombay, ya kuma zo da waƙoƙi bakwai. Daga nan waƙa ta zama ginshiƙin fim ɗin Indiya. Wannan gado ne ya iso Arewa ta gidajen sinima na 'yan kasuwar Labanan, irin su Rex da Plaza da Palace a Kano, daga baya kuma ta gidajen talabijin.

Wasan dandali a ƙasar Hausa

Bahaushe yana da wasanninsa masu haɗa kwaikwayo da waƙa tun kafin zuwan majigi. Akwai tashe, wanda yara ke yi bayan goma ga watan azumi, suna bin gida-gida suna kwaikwayon halayen manya. Akwai gaɗa ta 'yan mata a dandali da farin wata, da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, da wasan gauta na matan fada, da barkwancin 'yan kama masu kwaikwayon malamai.

Abin da ya haɗa waɗannan wasanni shi ne kowanne yana da iyakarsa. An san lokacinsa, an san wurinsa, an san masu yinsa. 'Yan mata na tafa gaɗarsu a da'irarsu, samari na gefe. Mai kallo ya san 'yar gidan wa ke ba da waƙa, yana iya amshi, yana iya tsawatarwa. Da gari ya waye wasa ya wuce, babu abin da ya rage sai labari. Wannan iyaka ce ta sa al'umma ta zauna lafiya da waƙa da rawa duk da ƙyamar da wasu malamai suka daɗe suna nunawa ga kiɗa.

Matakin farko: wasan daɓe ya shiga kyamara

Fina-finan Hausa na farko sun fito ne daga adabi da daɓe. Labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Wasan Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina shi ma ya zama fim a hannun Brendan Shehu a farkon shekarun 1990. Waɗannan ayyuka ne na hukuma, masu nauyin darasi, kuma kaɗan ne daga cikin talakawa suka gan su, domin ba su shiga kasuwar kaset yadda ya kamata ba. Shaihu Umar ma ɓacewa ya yi shekaru masu yawa, sai da aka gano shi a ma'ajiya a Legas, aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Hanyar da ta kai ga jama'a ita ce ta ƙungiyoyin wasan daɓe. 'Yan wasa irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero sun yi suna a talabijin ta Kaduna. A Kano ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin sana'ar fim ɗin bidiyo ta Hausa. Masu kallo sun karɓi waɗannan da hannu biyu, domin sun ga fuskokin da suka sani, da irin maganar da suke ji a zaure da kasuwa.

Mataki na biyu: waƙa ta mamaye fim

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 al'amari ya juya. Ɗakunan ɗaukar sauti na Kano sun samu fiyano mai iya kwaikwayon kalangu da sarewa da algaita, wanda ya sa mutum ɗaya ke haɗa kiɗan da a da sai an tara makaɗa. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka fito a ciki, ya nuna wa masu shirya fim cewa waƙa ɗaya mai daɗi tana iya sayar da kaset fiye da labari. Wasila ya biyo baya da irin wannan farin jini. A 1999 aka fara mujallar Fim, a shekarar kuma aka laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood.

Dalilai huɗu suka haɗu wajen kawo wannan juyi. Na farko, kunnen masu kallo ya riga ya saba da salon Indiya, inda saurayi da budurwa ke amsa wa juna waƙa a lambu. Har mawaƙan bege na ƙungiyar Ushaƙu Indiya sun ari karin waƙoƙin Indiya suna yabon Annabi (SAW) da su. Na biyu, kunya ta hana a nuna soyayya da taɓa jiki, sai waƙa ta zama hanyar faɗin abin da baki ba ya iya furtawa. Na uku, kasuwa: dillalan kaset na Ƙofar Wambai da Bata sun fi son fim mai waƙar da za a ji a rediyo da tallar gaban kaset, ta jawo mai saye tun fim bai fito ba. Na huɗu, bidiyo ya shiga ɗakunan matan aure waɗanda ba sa zuwa sinima, kuma su ne suka zama manyan masu kallo.

Tsintsiya: misali mafi kusa

Misalin da ya fi fitowa fili na wasan daɓe mai waƙa da ya rikiɗa ya zama fim ɗin Hausa shi ne Tsintsiya na Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. An gina shi a kan West Side Story, da tallafin ofishin jakadancin Amurka, aka mayar da rikicin gungun matasan New York ya zama na ƙabilanci da addini a Nijeriya, da nufin kira ga zaman lafiya. Fim ɗin ya samu lambar yabo a bikin fina-finai na Zuma a Abuja a 2008. A shekarar kuma aka kama mai shi a Kano bisa tuhumar sakin fim ba tare da izinin hukumar tace fina-finai ta jiha ba, tuhumar da ya musanta. Kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi a ƙarshen Disamba 2008, ya yi kusan wata uku a kurkuku, daga baya babbar kotu ta soke hukuncin.

Darasin Tsintsiya shi ne fim ɗaya yana iya samun tafi a wani zaure, ya gamu da shari'a a wani. Da yawa daga waɗanda suka yi ta muhawara a kansa labarinsa suka ji, ba su kalle shi ba. Ra'ayin jama'a ya ginu ne a kan wanda ya ba da kuɗin da kuma yanayin siyasar lokacin, fiye da abin da ke cikin faifan.

Yadda ra'ayin masu kallo ya rabu

Ana iya kasa masu kallo gida uku. Kashi na farko matasa ne da matan gida, waɗanda suka rungumi waƙoƙin, suka haddace su, suka kai su wuraren biki. Kashi na biyu malamai ne da dattawa, waɗanda suka ga cakuɗuwar namiji da mace a rawa a matsayin saɓa wa addini da tarbiyya. Kashi na uku manazarta ne da masu kishin al'ada, waɗanda kukansu shi ne an bar gaɗa da kalangu an ɗauko rigar aro daga Indiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan aro. Sau da yawa mutum ɗaya yakan tsaya a gida biyu: ya soki fim a majalisa, ya dawo gida ya tarar da iyalinsa na kallo ya zauna.

Tushen saɓanin yana komawa ga iyakar nan ta dandali. Kyamara ta rushe ta. Rawar da a da ake yi dare ɗaya a gaban 'yan unguwa ta zama abin da ake maimaitawa kullum a gaban baƙi. 'Yar wasa ta zama fuskar da kowa ya sani, kuma mai kallo ya kasa raba ta da rawar da ta taka, shi ya sa mata suka fi ɗaukar nauyin zargi. Mai kallon da a da yake iya tsawatarwa nan take, yanzu ba shi da wurin kai kuka sai huɗuba, rediyo ko hukuma.

A karkarar arewa maso yammacin Jigawa, a Kanya Babba da ƙauyukan Kazaure, Roni da Gwiwa, fim ya fara isa ne ta gidajen kallo masu janareta da kaset na aro, yanzu kuma ta shagunan masu tura fim a waya. A irin waɗannan wurare fina-finan camama na marigayi Rabilu Musa Ibro sun samu karɓuwa ta musamman, domin sun fi kama da wasan tashe da na 'yan kama: ƙauye ne, barkwanci ne, kuma waƙar da ke ciki ta shaƙiyanci ce. Wannan na nuna cewa inda fim ya riƙe ruhin dandali, gardama takan yi sauƙi.

Sakamako

Sakamako na farko shi ne shigar hukuma. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 an dakatar da harkar fim, aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A 2007, ƙarƙashin shugaban hukumar, Abubakar Rabo Abdulkarim, an sake dakatar da aiki na watanni, aka tsaurara ƙa'idoji kan rawa da waƙa, har masu shirya fim da dama suka koma Kaduna da Jos. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan adawar malamai da jama'a.

Na biyu, an samu sabuwar sana'a. Waƙar fim, wadda ake kira nanaye, ta tsaya da ƙafarta, ta fito da mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad, Fati Nijar, Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef. Har ta koma daɓe ta hanyar gala, inda 'yan wasa ke mamin waƙoƙin fim a gaban jama'a. Sai dai wannan riba ta zo da asara: a bukukuwa da yawa na'urar sauti ta maye gurbin makaɗan kalangu da na ƙwarya, dandalin gaɗa kuma ya ragu, ko da yake makarantun dare na Islamiyya da wayar hannu su ma suna da hannu a hakan.

Na uku, ɗanɗanon masu kallo ya sake juyawa. Bayan satar fasaha ta karya kasuwar faifai, aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, Labarina da Izzar So suka mamaye kallo. A cikinsu labari ne ke jan ragama, waƙa ta koma taken shiri ko ta bayan fage. Mai son rawa da waƙa yana samunsu daban a YouTube, mai son salon Indiya kuma yana kallon fina-finan Indiya da kamfanin Algaita ke fassarawa.

Tarihin nan na shekara talatin da ɗoriya ya tabbatar da cewa Bahaushe mai kallo yana son waƙa a cikin labari, amma yana tambayar wa ke yin ta, da wa, kuma a gaban wa. Fim ɗin da ya amsa waɗannan tambayoyi daga cikin al'adar masu kallonsa shi ke shiga gida a kalle shi tare da iyaye da 'ya'ya. Tashe, gaɗa da kalankuwa suna nan cike da labari da kari da kiɗa, kuma har yanzu masu shirya fim ba su ɗebi rabin abin da ke cikinsu ba.