Ko Kun Sani? Harsashin da Aka Hana Soja, Aka Wajabta wa Maharbi

A 1899, taron birnin Hague ya haramta harsashi mai rami a baki a fagen yaƙi, domin da zarar ya shiga jiki sai ya baje kamar laimar kwaɗi. Amma dokar Ingila ta 1991 ta ce duk mai harbin barewa da raifil, sai da irinsa ko mai taushin baki. Wasu za su ce tufka da warwara ce. Ba haka ba ne. Sojan da aka raunata ya riga ya bar faɗa, ƙara masa azaba zalunci ne. Barewa kuwa, harsashi mai tauri kan ratsa ta ya fice, ta shige daji tana zubar da jini har ta mutu a wahale.