Ƙuri'ar 2004 da kuɗin fulawa: darasi daga Damagaram

A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, majalisar dokoki ɗaya ce, kuma ba mutum muke jefa wa ƙuri'a ba, jerin sunayen jam'iyya ne na jiha baki ɗaya. Shi ya sa ɗan majalisa mai neman komawa kujerarsa sai ya karaɗe Damagaram, daga Magarya da Matamai har Tanut da Gure, kuma ranar kasuwa yake bi, don nan jama'a take.

Haka aka yi a 2004. Alhaji Mahaman Usman, wanda ake kira Nafarko, ɗan Damagaram, tsohon shugaban ƙasa daga 1993 zuwa 1996, yana shugabancin majalisa tun bayan zaɓen 1999. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ya zo na uku, ya mara wa Tandja Mamadu baya. Ranar 4 ga Disamba aka yi zaɓen ƴan majalisa, jam'iyyarsa CDS-Rahama ta tashi daga kujeru 17 zuwa 22, shi ma ya koma kujerarsa, aka sake ba shi shugabancin majalisa.

Mata ƴan kasuwa sun sha kiɗa, sun ɗaura zanen jam'iyya, sun yi guɗa. To amma ba a jima ba, a farkon 2005, kasafin kuɗin da sabuwar majalisa ta amince da shi ya ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta. Mai tuyar fanke da mai shayi su suka fara ji a jikinsu, ga kuma tiyar hatsi tana hawa saboda fari da fara. A watan Maris ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka kira zaman gida, aka rufe shaguna, sai a Afrilu gwamnati ta janye harajin kan fulawa da madara.

Tun juyin mulkin Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa. Amma duk ranar da aka koma akwati, wani ya shigo Kasuwar Dole yana neman tazarce, mu ajiye maganar zane da sabulu, mu tambaye shi: ranar da aka kawo kasafin kuɗi, wane hannu ka ɗaga? Domin abin da aka sa wa hannu a Yamai, a bakin rumfarmu ake biyansa.