Kwamfutar Tafi-da-gidanka Ta Ƙi Caji? A Bincika Kafin A Sayi Sabon Batir

Kamar yadda kowa ya sani, a yau kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda wasunmu suka fi sani da suna ordinatar, ta shiga cikin kayan neman abinci a garin Madarumfa da kewaye. Akwai mai shagon buga takardu da hoton kofi, akwai mai tura waƙoƙi da wa'azi da finafinai a katin waya, akwai ɗan kasuwar da ke rubuta bashi da lissafin buhunan da suka shigo ta Ɗan Isa a cikinta. Haka kuma akwai uwar da ta tara kuɗin adashi da ribar man gyaɗa da ƙuliƙuli ta saya wa ɗanta ko ɗiyarta da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi.

To, wata matsala da masu saurare ke yawan kawo mana a gidan rediyo ita ce, an jona kwamfuta da wuta, amma batir ya tsaya cik, ba ya hawa. Wani lokaci a ƙasan allo sai a ga ta rubuta "branché, pas en charge", ko kuma "plugged in, not charging" in da Turancin Ingilishi aka saita ta, wato an jona amma ba ta ɗaukar caji. Da an ga haka, sai a yanke hukunci cewa batir ya mutu, a kama hanyar Maraɗi, ko a ba direba saƙo zuwa Katsina ko Kano, a zuba jika-jika a sayo sabo. A dawo gida a saka, a tarar jiya i yau.

Abin da ya kamata a gane shi ne, batir shi ne zangon ƙarshe a tafiyar da wuta ke yi, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a wannan hanya. Uwargida in ta leƙa randa ta ga ba ruwa, ba ta fara aikawa a sayo sabuwar randa. Sai ta tambaya ko famfo ya kawo, ko mai garuwa ya zo, ko tulun ne ke yoyo. Haka ita ma kwamfuta: a faro daga bango a bi wutar daki-daki har a iso ga batir.

Da farko, wutar kanta

Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a jihar Maraɗi, babban kasonta daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Jama'a ba su manta da abin da ya faru ba a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wannan wuta sakamakon takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan watanni masu shaguna da yawa sun koma kan janareta da sola, kuma kayan wuta sun ji jiki.

Wutar gidajenmu mai ƙarfin volt 220 ce. Cajar kwamfuta ta ƙwarai tana iya aiki da wutar da ke tsakanin volt 100 zuwa 240, saboda haka ɗan raunin wuta ba ya hana ta aiki. Abin da ya fi kashe ta shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, ko ta ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Don haka in an ɗauke wuta, a zare caja daga bango, sai wutar ta dawo ta zauna sannan a mayar.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. A sa cajar waya ko fitila a soket ɗin da ake amfani da shi, a ga ko yana ba da wuta. In ta doguwar wayar nan mai bakuna da yawa aka jona, a cire ta a sa caja kai tsaye a bango, domin kuwa irin waɗannan wayoyi na araha bakunansu kan saki da wuri.

Na biyu, caja

Caja kashi uku ce: wayar da ke shiga bango, baƙin akwatin da ke tsakiya, da kuma siririyar wayar da ke shiga jikin kwamfuta. A duba ko wayar bango ta shige akwatin sosai, don takan zame ba a lura ba. A bi siririyar wayar da hannu tun daga akwati har baki, a nemi inda ɓera ya ci ko inda ta karye, musamman a wuyanta, wurin da ake yawan lanƙwasawa in ana naɗe ta. In akwatin yana da ƴar fitila, a duba ko tana kamawa. In ta kama amma ta mutu da zarar an soka a kwamfuta, to sau da yawa matsalar tana cikin kwamfutar, a daina gwadawa a kai wa mai gyara.

Sannan a juya bayan akwatin a karanta rubutun da ke jiki. A wurin da aka rubuta "Output" ko "Sortie" za a ga lamba biyu, ɗaya da harafin V ɗaya da harafin A. Yawancin kwamfutocin Dell da HP na aiki da volt 19.5, Lenovo da volt 20, Acer da Asus da Toshiba kuwa da volt 19. In aka ninka lambar V da ta A, shi ke ba da ƙarfin cajar. Alal misali, 19.5 sau 3.34 ya ba da wat 65, 19.5 sau 4.62 kuma ya ba da wat 90. A ƙarƙashin kwamfutar, ko a ramin batir, akwai irin wannan rubutu da ke nuna abin da take buƙata. Dole lambar V ta zo daidai, ƙarfin cajar kuma kada ya gaza abin da aka rubuta.

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. A ari cajar maƙwabci don kawai bakinta ya shiga, alhali mai wat 45 ce, kwamfutar kuwa wat 90 take so. Irin wannan caja za ta iya kunna kwamfuta, amma ba ta da rarar ƙarfin da za ta cika batir. Haka nan sababbin kwamfutocin da ke caji ta bakin USB-C, irin na wayoyin yanzu, ƙaramar cajar waya ba ta isar su ko da bakin ya yi daidai.

Masu Dell da HP kuma su leƙa cikin bakin cajar. Akwai wata siririyar allura a tsakiya, wadda ta nan ne kwamfuta ke gane irin cajar da aka sa mata da kuma ƙarfinta. In allurar ta karye ko ta lanƙwashe, ko kuma cajar jabu ce, kwamfutar za ta iya kunnuwa amma ta ƙi ba batir wuta, har ma ta rage gudu. A nan batir lafiyarsa ƙalau. Hanya mafi sauƙi ita ce a gwada wata caja ta asali mai lambobi iri ɗaya, ko a sa mai gyara ya auna ta da mita, aikin da bai wuce minti biyu ba.

Na uku, ramin caji da zafi

Ƙurar hunturu ba ta bar komai ba, balle kwamfutar da ke wuni a rumfar kasuwa. A kashe ta, a zare caja, a share ramin da busasshen buroshi mai laushi ko tsinken itace. Kada a sa allura ko wani ƙarfe, kada kuma a sa ruwa. In kuwa sai an riƙe bakin cajar ta gefe ɗaya sannan fitilar caji ke kamawa, to ramin ne ya saki, kuma gyaransa bai kai kuɗin batir ba.

Shi kuwa zafi, batirin kwamfuta na zamani an yi shi ne ya ɗauki caji tsakanin digiri 0 zuwa 45. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankinmu kan haura digiri 40 a inuwa, to ina ga shagon kwano da tsakar rana, ga kuma zafin da ita kanta kwamfutar ke fitarwa? In batir ya yi zafi da yawa, akwai ƴar na'ura a cikinsa da ke tsayar da caji don kada ya kama wuta. A kashe kwamfutar, a ajiye ta a inuwa kamar awa guda, sannan a sake gwadawa. A daina ɗora ta a kan katifa ko dardumar da ke toshe mata kafar iska, a sa ta a kan tebur ko faranti.

Na huɗu, gwajin cire batir

In kwamfutar irin ta dā ce mai batirin da ake zarewa ta ƙasa, a kashe ta, a cire caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Sannan a jona caja kaɗai ba tare da batir ba. In ta ƙi kunnuwa, laifin na caja ne ko rami ko cikin kwamfutar, sabon batir ba zai yi maganin komai ba. In ta kunnu, a kashe a mayar da batir a gani, domin wani lokaci wannan kaɗai kan sa caji ya dawo. In batirin na ciki ne wanda sai an kwance kusoshi, a bar wa mai gyara.

Akwai kuma lokacin da ba abin da ya lalace. Kwamfutoci da yawa, kamar na Lenovo da Asus, suna da wani tsari na tsawaita ran batir, wanda ke tsayar da caji da gangan a wajen kashi 60 ko 80 cikin ɗari. In kullum a lamba ɗaya cajin ke tsayawa, a sa yaron da ya iya ya duba manhajar Lenovo Vantage ko MyASUS, wataƙila mai ita na farko ne ya kunna tsarin. Haka kuma in batir na kan kashi 96 ko 97 ya ƙi ƙarasawa, wannan ba ciwo ba ne, sai ya ɗan sauka sannan yake sake ɗauka.

In batirin ne fa?

Batir ba ya dawwama. Irin wanda ke cikin kwamfutoci da wayoyi, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, yakan fara rauni bayan an cika shi an sauke kamar sau 300 zuwa 500. Yawancin kwamfutocin da ke shigo mana kuwa na hannu ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka. Barin batir ba caji na tsawon watanni shi ma yana kashe shi. Wanda zai ajiye kwamfuta ya yi tafiya, ya bar ta da rabin caji a wuri mai sanyi.

Ana iya tambayar kwamfutar da kanta. Daga Windows 8 zuwa sama, in aka rubuta umarnin powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yanzu. In abin da ya rage bai kai rabi ba, batirin ya tsufa. Hajiya, in za ki saya wa yaro kwamfuta ta hannu, ki ce a nuna muku wannan rahoto kafin a yi ciniki.

Wani gargaɗi kuma, in aka ga ƙasan kwamfuta ya kumbura, ko wurin shafa yatsa ya taso, ko ana jin wani wari, a zare caja nan take a daina amfani da ita. Batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. A 2006 kamfanin Dell ya janye batir sama da miliyan 4 daga hannun jama'a saboda haɗarin gobara. A kasuwar da rumfuna ke manne da juna, ga yadi ga leda ga fetur a kwalba, kowa ya san abin da tartsatsi ɗaya zai iya yi. Kada a bar kwamfuta a caji a kulle shago a tafi gida. Tsohon batir kuma kada a huda shi, kada a ba yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta ko a bakin tabki. A mayar wa masu gyara.

In har ta tabbata sai an sayi sabo, a tafi da kwamfutar da cajarta, ko aƙalla da tsohon batirin, don a daidaita lambar da ke jikinsa da kuma volt ɗinsa. A saka a gaban mai shago, a ga lambar caji ta hau, a zare caja a ga ta riƙe, sannan a biya. A kuma yi magana tun farko a kan kwana nawa za a iya dawo da shi in ya ba da matsala. Hausawa na cewa araha ba ta ado, jabun caja ko batir na iya jawo asarar kwamfutar baki ɗaya. Su ma ƴan'uwa masu sayarwa, a ji tsoron Allah a faɗa wa mai saye wanne ne na asali wanne ne kwaikwayo, domin amana ita ce jarin ɗan kasuwa.

Idan an gwada caja mai kyau da batir mai kyau duk ta ƙi, to matsalar tana cikin allon kwamfutar, sai ƙwararren mai gyara. Amma kafin a miƙa ta, a kwafe lissafin kasuwa da sunayen masu bashi a kan kilé ko katin waya, a kuma riƙe littafin takarda a gefe. Kwamfuta in ta lalace ana sayen wata, amma bashin da lissafinsa ya ɓace da wuya ya dawo.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.