Yadda barin ƙwaƙwalwar waya ta yi barci ya ƙara wa batir ƙarko

Wayar Android da ke cikin aljihu, allonta a kashe, ba ta daina aiki ba. A cikinta akwai furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin na'urar, kuma cajin da wayar za ta sha kafin gari ya waye ya danganta ƙwarai da sau nawa aka tashe ta daga barci ba gaira ba dalili.

Matsalar ta daɗe tana ci wa injiniyoyin Linux tuwo a ƙwarya. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finland a 1991, ita ce zuciyar manhajar da Android ke tafiya a kanta. Ita ke raba wa kowace manhaja lokacin amfani da furosesa.

Tun farko an tsara Linux da wani bugun agogo da ke katse furosesa sau 100 a kowace daƙiƙa. Daga baya aka kai shi 1,000 a kan kwamfutoci, sannan aka sauko da shi 250. A kowane bugu, furosesa za ta ƙirga lokaci, ta duba ko akwai aikin da wa'adinsa ya yi. Idan ana cikin aiki, wannan ba laifi. Amma ko babu aikin komai bugun ba ya tsayawa, tamkar mai barcin da ake ta tayarwa don kawai a tambaye shi ko akwai saƙo, alhali babu.

A nan asarar take. Barcin furosesa mataki-mataki ne. A mai nauyi har yanke wa wasu sassanta wuta ake yi, kuma shi ne ke ceton batir sosai. Sai dai shiga cikinsa da fitowa na cin lokaci da wuta, don haka ba ya da riba sai idan zai ɗan daɗe. Da bugu 1,000 a daƙiƙa kuwa, babu hutun da zai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Sauyin ya zo a watan Afrilun 2007, da fitowar Linux 2.6.21, sakamakon aikin Thomas Gleixner da Ingo Molnar. Yanzu idan aiki ya ƙare, Linux za ta duba lokacin da aiki na gaba zai zo, ta saita agogo zuwa wannan lokacin, ta dakatar da bugun. Bayan farkawa sai ta lissafa lokacin da ya wuce ta cike gurbin.

Da aka kashe bugun ne aka gano ashe ba shi kaɗai ke hana barcin ba. A shekarar 2007 ɗin, Arjan van de Ven na kamfanin Intel ya fitar da PowerTOP, manhajar da ke ƙirga yawan farkawa a daƙiƙa tare da tona asirin masu haddasa ta. Wasu manhajojin sun saba leƙawa a kai a kai ko wani abu ya sauya, maimakon su jira a sanar da su. Hatta ɗan sandan nan da ke ƙyaftawa a wurin rubutu yana cikin masu laifin.

Maganin da aka samo shi ne haɗa saƙonni wuri guda, kamar a aiki yaro kasuwa sau ɗaya da cefanen gidan gaba ɗaya. Ayyukan da ba na gaggawa ba aka riƙa tura su zuwa cikar daƙiƙa don su tashi tare. Wasu kuma aka ce su jira har sai wani dalilin ya tashi furosesa. Microsoft ya sa irin wannan dabara a Windows 7 a 2009, Apple ma ya bi sahu a kwamfutocinsa a 2013.

A waya, Android 6 ta 2015 ta ƙara matsawa da tsarin Doze. Idan waya ta jima a ajiye, ba ta kan caji kuma allonta a kashe, ana tsayar da yawancin ayyukan manhajoji da shigarsu intanet, sai a buɗe musu ɗan lokaci jefi-jefi. Ga wanda sai ya biya kuɗi a shagon caji saboda rashin wuta, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma akwai abin da ake sadaukarwa: wasu sanarwar kan iso a makare. Kiran waya da ƙararrawar tashin asuba ba sa cikin waɗanda ake jinkirtawa. Mai waya na iya shiga saitin batir ya cire wata manhaja daga wannan takunkumi, sai dai duk wadda ya cire ya ba ta damar tashin furosesa cikin dare.