Kalmomin Bincike da Gwaji na Ingilishi da Matsalar Fassara Su

Duk mai sauraren labarai a rediyo zai lura da yadda kalmar "bincike" ta zama jakar magori a bakin masu fassara. Idan Bature ya ce "inspect", sai a ce bincike. Ya ce "investigate", a ce bincike. "Audit" da "search" da "probe" ma duk bincike ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba asalin wasu daga cikin kalmomin nan, domin a ga cewa kowace da gurbinta, kuma Hausa ba ta rasa abin da za ta sa a gurbin ba.

Galibin waɗannan kalmomi ba gadajju ba ne a Ingilishi. Daga Latin suka fito, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransanci, musamman bayan Normawa sun ci ƙasar Ingila da yaƙi a shekarar 1066, harshensu ya zama na fada da na shari'a. Saboda haka Baturen da ke furta su ba lallai ne ya ga hoton da ke cikinsu ba, alhali kuwa hoton nan shi ne jagoran mai fassara.

A ɗauki "investigate". Tushenta "vestigium" ne, watau sawu. Ashe ke nan mai yin wannan aiki mai bin sawu ne, kamar makiyayin da ya wayi gari ya tarar an kore masa shanu. Ba a bin sawu sai wani abu ya faru, ko dai ɓarna ko abin da ya ɗaure kai. Hausa tana da "bin diddigi", tana kuma da "bin bahasi" wanda ta samo rabinsa daga Larabci, kuma duka biyun sun zauna daram a wannan gurbi.

Ita kuwa "inspect" ma'anarta ta asali ita ce duban cikin abu. Aiki ne na ka'ida wanda ake yi lokaci-lokaci, ko da ba a zargin kowa da komai. Mutanen zamanin En'e sun gane haka sarai, shi ya sa suka laƙaba wa ma'aikacin tsabta da ke shiga gida-gida yana leƙa randa da masai sunan "duba-gari". Wannan ƙirƙira ta fi aro armashi, domin ta faɗi aikin da bakinta. Aron da aka yi shi ne "sufeto", inda aka yar da gaɓar farko, aka cusa wasali tsakanin baƙaƙe, aka mai da "p" ta koma "f". Amma kalmar ta fi tsayawa a kan muƙami, musamman na ɗan sanda, ba ta haifi aikatau ba.

A nan ne haɗarin yake. Idan jami'an ilimi suka je duba wata makaranta kamar yadda suka saba, mai fassara kuma ya ce ana binciken makarantar, to abin da mai sauraro zai fahimta shi ne hedimasta ya ci kuɗi. Kalma guda ta zubar da mutuncin mutumin da ba a tuhume shi da komai ba, kuma gyaran da za a yi washegari ba kowa zai ji shi ba.

"Examine" ta fito ne daga "examen", sunan 'yar allurar nan ta sikeli mai nuna ɓangaren da ya rinjaya. Abin sha'awa shi ne matan Hausawa sun faɗa kan wannan hoto ba tare da sanin Latin ba, da suka kira zuwa asibiti na mai juna biyu "awo". A fagen karatu kuwa "jarrabawa" aka ɗauka, daga Larabci, kuma da ita ake kiran aikin hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952. "Test" asalinta kasko ne na yumɓu da ake narka ƙarfe a ciki don a gane zinariya ko azurfa ta gaskiya. Amsarta gajera ce: akwai ko babu, ya ci ko ya faɗi. "Gwaji" ita ce daidai da ita, kamar yadda aka yi ta ji a lokacin annobar korona a 2020. Likita yakan duba majiyyaci, sa'an nan ya tura jininsa gwaji. Ayyuka biyu ne daban.

"Audit" daga aikatau na ji ta fito, domin a da karanta lissafi ake yi a bayyane mai dubawa yana saurare. Daga nan aka sami "odita". "Search" ta ba Hausa "caje", wadda sau da yawa ake rikita ta da "caji" ta "charge", har mutum ya rasa ko laluben aljihunsa aka yi ko tuhumarsa ake yi.

Wadda ta fi wuyar sha'ani ita ce "probe". A wurin likitoci sunan wani siririn ƙarfe ne da ake zurawa cikin rauni don a ji zurfinsa. Jaridun Nijeriya sun so ta ƙwarai a 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sa aka bi diddigin dukiyar tsofaffin gwamnoni goma sha biyu, aka sami goma da laifi. "Bincike" kaɗai ya yi mata sanyi, "tonon silili" kuwa ya yi zafi, don ya yanke hukunci tun kafin a zauna. Mai fassara zai fi samun sauƙi idan ya ce an kafa kwamitin bin bahasi, ya bar sakamakon ga kwamitin.