Tafin ƙafa ma sai an ba shi haƙurin sabon daɓe

Duk matar da ta taɓa daɓen ɗaki a ƙauyukan Ɗambatta ko Makoɗa ta san ba ranar da aka ajiye madaɓi aiki ke ƙarewa ba. Sai an yayyafa makuba, an tare ƙofa saboda yara da awaki. In ya tsage a sake bi. Haka tafin ƙafa yake bayan an ƙona masa tusar jaki da sanyi.

Likitan fata, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, yakan ɗiga wa wurin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Sanyin yana kashe fatar da ƙwayar cutar HPV ta zauna a ciki. Abin 'yan daƙiƙoƙi ne, amma da zafi. Kafin washegari bororo yakan tashi, wani sa'in da jini a ciki har ya yi baƙi. Ba lalacewa ya yi ba.

A nan mutanenmu ke ɓata aiki. Hannu ba ya haƙuri: wannan ya nemo ƙaya, wancan ya aika a kira wanzami. Alhali fatar bororon ita ce ƙyauren da aka tare ɗakin da shi, sabuwar fata na ƙarƙashi tana ɗanya. A wanke da ruwa da sabulu, a tsane sosai ko bayan alwala, a rufe da filasta mai tsabta. In ya cika tam har ya hana taku, ma'aikacin asibiti ne zai tsiyaye shi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ɓawon zai faɗi da kansa. Toka da baƙin mai ba su da gurbi a nan.

Sai dai manomi ba ya tafiya da ka. Gonakinmu taki ne ke riƙe da su, ƙwayar cutar sarƙewar haƙora kuwa a taki da ƙasa take kwana. Don haka silifa ba ta isa ba, sai rufaffen takalmi, kuma a tambayi batun rigakafi. Da za a bi tawa, bayan kaka za a je a ƙona, ba ana tsakiyar noman firi ba.

Fatar tafi tana da kauri, bugu ɗaya bai cika wadatarwa ba. Akan koma duk bayan mako biyu ko uku. Wurin yana iya yin fari-fari a baƙar fata, ya kuma daɗe a haka. Amma in ja ya fara yaɗuwa, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya sauko, ranar za a koma asibiti. Mai ciwon suga kuwa ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa ƙafar.