Zuba Jari A Kamfanonin Zaren Gilashi: Cinikinsu Na Hannun Masu Saye Ƙalilan

Akasarin saƙonnin tarho da na intanet da ke ƙetare teku a yau, haske ne ke ɗauke da su a cikin zaren gilashi mai sirantar gashin kai. Kamfanin Corning na Amurka ne ya fara ƙera irin zaren da ya dace da wannan aiki a 1970. Wasu kamfanoni kuma suna ƙera na'urorin da ke cusa hasken cikin zare, da waɗanda ke karkatar da kowane saƙo zuwa inda aka nufa da shi.

Wanda zai sayi hannun jarinsu ya kamata ya san cewa masu sayen kayansu ba su da yawa. Manyan kamfanonin sadarwa ne, kuma da zarar sun tsuke bakin aljihu, ciniki ya tsaya cak.

Haka aka gani a ƙarshen shekarun 1990. An tono ƙasa an shimfiɗa zare da kuɗin bashi, bisa zaton buƙata za ta yi ta ninkawa. A daidai lokacin kuma aka ƙware wajen tura haske launi-launi a cikin zare guda, har ya ɗauki abin da a da sai zare da yawa. Sai kaya suka yi wa kasuwa yawa, aka bar ɗimbin zare a binne babu mai amfani da shi.

A shekarar 2000, darajar kamfanin Nortel na Kanada ta kai kimanin sulusin ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Toronto, hannun jari guda ya haura dalar Kanada 120. Kafin ƙarshen 2002 bai kai dala ɗaya ba, kuma a Janairun 2009 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Shi kuwa JDS Uniphase ya bayyana asarar sama da dala miliyan dubu 50 a 2001. Manyan masu saye su ma ba su tsira ba, domin Global Crossing da WorldCom sun durƙushe a 2002. Abin mamaki, a duk tsawon wannan lokaci amfani da intanet ƙaruwa ya yi ta yi.

Waɗanda suka rage sun haɗiye 'yan uwansu. Ciena ya sayi sashen zaren gilashi na Nortel a 2010, Nokia kuma ya sayi Alcatel-Lucent a 2016 da Infinera a 2025.

Daga 2023 kasuwar ta sake tashi saboda manyan cibiyoyin kwamfuta da ake ginawa domin fasahar ƙirƙirarriyar basira. Sai dai a wannan karon ma masu sayen ƙalilan ne, irin su Microsoft, Amazon, Google da Meta. Dokar kasuwar Amurka ta wajabta wa kamfani ya bayyana a rahotonsa na shekara idan mai saye guda ya kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa, kuma wannan shafi ne mai zuba jari zai fara dubawa.